Buɗaɗɗiyar Wasiƙa Ga Gwamnan Sakkwato: Fayil Ɗin Ƙaro Karatu Ya Fi Hanyar Dundaye Nisa

Zuwa ga Mai Girma Gwamnan Jihar Sakkwato,
Alhaji Ahmed Aliyu Sokoto,
Gidan Gwamnati, Sakkwato.



Ranka ya daɗe, ni tsohon ma'aikacin gwamnati ne. Na cika shekara 35 ina aiki na aje, yanzu ina cin fansho a gidana da ke Ƙofar Dundaye. Ba kwangila nake nema ba, ba kuma kujerar Makka ba. Wata magana ce ta daɗe tana yawo a majalisarmu ta bayan La'asar, har abokan zama suka ce tun da na ƙare ƙuruciyata ina rubuta wa manya takarda, to in rubuta wannan ma, kowa ya huta da mita.

Abin da ya tayar da zancen wani yaro ne maƙwabcina, akawu a mataki na 6 a wata ma'aikata da ba zan kira sunanta ba. Sau biyu yana samun gurbin ƙaro karatu, sau biyu ana rufe rajista takardarsa ta neman izinin tafiya ba ta fito ba. Kuma ba a ce masa a'a ba. Da an ce a'a, da ya san inda dare ya yi masa, ya kama wani abu. Amsar dai ita ce wadda duk wanda ya taɓa tsayawa a bakin tagar ofishin rajista ya haddace: fayil na kan teburin oga, oga ya yi tafiya, a dawo mako mai zuwa. Bana ya sake samun gurbi, karo na uku. Rannan ya zo majalisa da takardar a cikin leda don kada gumi ya ɓata ta, ya miƙo mini, ya ce, "Baba, wa ka sani a can?" Bai tambaye ni abin da doka ta ce ba. Ya riga ya gane ba a nan maganar take ba.

Wannan ƙofa tamu, kamar 'yan uwanta Ƙofar Kware da Ƙofar Rini da Ƙofar Marke da sauransu, tsohuwar mashiga ce ta birnin Shehu, kuma daga Dundaye ta samo sunanta. A ƙasar Dundayen nan mazaunin dindindin na Jami'ar Usmanu Danfodiyo yake, wadda aka kafa a 1975. Mai kabu-kabu zai kai mutum can ya dawo kafin shayi ya huce. Daga Legas da Ilori da Maiduguri ana zuwa neman ilimi a cikinta. Amma ma'aikacin da ke zaune a Sakatariyar Usman Faruk ko ta Giginya yakan yi shekaru yana hango ta, abin da ya raba su takarda ce guda mai sa hannu uku ko huɗu.

Na san hanyar da takardar ke bi, don ni ma na taɓa bin ta da ƙafata. Za ka rubuta ta hannun shugaban sashenka, ya tura wa daraktan mulki, shi kuma ya ɗora wa babban sakatare, daga nan a kai ofishin da ke kula da horar da ma'aikata, a jira kwamiti ya zauna, sannan ta juyo ta inda ta fito. A kowane zango tana iya kwana, tana iya wata. Tawa ta ɓata a hanya sau ɗaya, aka ce in sake rubutawa. Da ta fito a karo na biyu, abokan da muka samu gurbi tare sun yi nisa da zango na farko. Na haƙura, na ƙarasa aikina da takardar da na shigo da ita, ina koya wa yaran da ake kawowa aiki, bayan 'yan shekaru su zama shugabannina. Ban riƙe kowa a zuciya ba. Na kawo wannan ne don ka san mai rubuto maka ba jita-jita ya ji ba.

Ranka ya daɗe, abin da ke ba ni mamaki shi ne, mu Sakkwatawa ne ya kamata mu fi kowa sanin darajar wannan abu. Sir Ahmadu Bello, Sardaunan Sakkwato, da ya gama Kwalejin Katsina koyarwa ya fara a Makarantar Midil ta Sakkwato, ya yi hakimcin Raba, ya zama ɗan majalisar En'e. Yana cikin aikin En'en ne, a 1948, aka ba shi tallafi ya tafi Ingila ya koyo yadda ake tafiyar da ƙananan hukumomi. Shekara shida bayan nan shi ne Firimiyan Jihar Arewa. Abubakar Tafawa Ɓalewa yana malamin makaranta a Bauci aka tura shi Jami'ar Landan a 1945. Malam Aminu Kano ya bi sahu a shekarar da ta biyo, daga baya har aka kawo shi Maru, a tsohon Lardin Sakkwato, yana horar da malamai. Dukansu ma'aikata ne masu karɓar albashi a ƙarshen wata, aka ɗauke su daga bakin aiki, aka ƙara musu sani, suka dawo. Muna rataye hotunansu a ofisoshi, amma tsanin da suka taka mun bar shi gara na ci.

Da Sardauna ya karɓi mulki ya tarar mafi yawan manyan kujerun aiki a Arewa Turawa ne da 'yan Kudu a kansu, bai tsaya kuka ba. Makarantar koyon aikin akawu da aka buɗe a Zariya a 1947 ita ce aka ɗaukaka ta zama Cibiyar Koyon Aikin Mulki ta Kongo a 1954, daga baya ta shiga cikin Jami'ar Ahmadu Bello a 1962. Can aka riƙa kwasar akawuna da ma'aji da malaman hakimai da ma'aikatan kotu, ana yi musu kwas na watanni ko na shekara, suna komawa da abin da za su yi aiki da shi tun ranar da suka sauka daga mota. Irin waɗannan mutane ne suka riƙe Jihar Arewa maso Yamma lokacin da aka kafa ta a 1967, su ne kuma suka ɗora harsashin Jihar Sakkwato a 1976. Na tarar da ragowarsu a bakin aiki. Mutum ne zai karɓi takardarka, ya zagaye kuskure guda da jan biro, ya dawo maka da ita ba tare da ya ce uffan ba, kai da kanka ka ji kunya. A wurinsu muka koyi rubuta bayani a fayil, da tsare littafin kuɗi, da sanin cewa ranar da takarda ta shigo ana rubuta ta. Sun tafi, mu da muka ɗan tsinta a hannunsu mun bi bayansu zuwa fansho. Wa ke koya wa na yanzu?

Gwamnatin Tarayya ma ta san da wannan. Ta kafa Kwalejin Horar da Manyan Ma'aikata da ke Badagry a 1973, ta kafa Cibiyar Nazarin Manufofi da Dabarun Mulki a Kuru, kusa da Jos, a 1979. Rahoton Udoji na 1974 ya yi dogon bayani a kan horar da ma'aikata, amma ka tambayi duk dattijon da ya ga zamanin, abin da zai tuna maka shi ne kuɗin ariyas da aka sayi rediyo da babur da su. Mun karɓi kuɗin, mun bar nasihar a cikin littafi. To, su Badagry da Kuru na manya ne, masu mataki na sama. Akawu da malamin gona da ma'aikaciyar ɗakin shan magani da mai karɓar haraji a kasuwa, waɗanda su talaka ke gani a matsayin gwamnati, ba su da Kuru. Abin da suke da shi shi ne abin da jiharsu ta tanadar musu.

Abin da ya maye gurbin horo a zamaninmu kuwa, a jihohi da yawa, shi ne bita. Kada a fahimce ni ba daidai ba, akwai bita mai amfani, na halarci irinta. Amma kowa ya san ɗaya nau'in. Kwana uku a otal a Kaduna ko Abuja, a raba jaka da biro da littafin rubutu, a buɗe taro da dogon jawabi, a ci abinci, a ɗauki hoto, ranar ƙarshe a sa hannu a karɓi alawus da takardar shaida. Fuskokin da suka je bara su ne za su je bana. Wani saura wata shida ya yi ritaya, amma shi za a tura koyon aiki da sabuwar manhajar kwamfuta, a bar yarinyar da za ta zauna gaban kwamfutar shekara 25 masu zuwa. Da ya dawo babu mai tambayarsa me ya koyo, jakar kuma ta zama ta makarantar yara. A majalisarmu akwai wanda ke cewa da a ce takardun shaidar bita na gina ƙasa, da shi kaɗai ya isa, don nasa sun cika akwati. Muna dariya, amma kuɗin tafiyar mutum guda irin wannan sai ya biya wa ƙaramin ma'aikaci kuɗin rajistar shekara a nan gida.

A nan ne nake son in yi magana da kai a matsayin wanda ya san cikin gidan, don kafin siyasa ka yi aiki a ƙananan hukumomi, a ɓangaren kuɗi. Ka fi ni sanin kashi 1 cikin 100 da aka saba cirewa daga kason ƙananan hukumomi domin horar da ma'aikatansu, wanda Hukumar Kula da Ma'aikatan Ƙananan Hukumomi ke riƙewa. Ka kuma san bayan gyaran ƙananan hukumomi na 1976 an ware jami'o'i uku, ta Zariya da ta Ife da ta Nsukka, domin horar da irin waɗannan ma'aikata. Ba ina zargin kowa ba ne. Abin da nake cewa shi ne, ma'aikacin da ke Gudu ko Isa ko Kebbe yana da haƙƙin ya san nawa aka tara da sunansa a shekara, mutum nawa aka tura karatu, su wane ne, daga wace ƙaramar hukuma cikin 23. Yanzu kuma da Kotun Ƙoli ta yanke hukunci ranar 11 ga Yuli, 2024 cewa a riƙa bai wa ƙananan hukumomi kuɗinsu kai tsaye, ya kamata a fito a faɗi makomar wannan asusu tun da wuri, kada ya faɗa tsakanin jiha da ƙananan hukumomi kowa ya ce ba a hannunsa yake ba.

Bari in gaya maka abin da ma'aikata ke yi da suka gaji da jira, don ba na jin ana rubuto maka shi a rahoto. Karatun ɓoye suke yi. Mutum zai shiga kwas na ƙarshen mako ko na yamma, a jami'a ko a Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Umaru Ali Shinkafi ko a Kwalejin Ilimi ta Shehu Shagari, ko ya yi rajista da jami'ar karatu daga gida, ba tare da izini ba. Ya ci bashin ƙungiyar adashi ta ofis, matarsa ta sayar da tunkiya. Ranar jarrabawa ya ce zai je jana'iza a ƙauye. Shekara uku ko huɗu yana wannan ɓuya, kamar mai aikata laifi. Ranar da ya kawo takardar digiri ko difloma don a gyara masa mataki, sai a buɗe fayil a ce, ina izinin da aka ba ka? Babu. Shi ke nan, takarda ta zama ado. Wanda ya bi ƙa'ida ya tsufa yana jira, wanda ya gaji ya tsallake an ce ya karya doka. Ina aka bar wa mutum ya bi?

Ga kuma tsadar zamani. Tun da aka cire tallafin man fetur a ranar 29 ga Mayu, 2023, ranar da kai ma ka sha rantsuwa, kuɗin mota da na abinci suka tashi, makarantu da dama suka ƙara kuɗin rajista. Mafi ƙarancin albashi na naira 70,000 da dokar 2024 ta tanada bai kai mai iyali ƙarshen wata, balle ya rage na littafi. A da, in an ba ka hutun ƙaro karatu da albashi, ko ba a ƙara maka komai ba kana iya lallaɓawa. Yau izini kaɗai ba ya isa, sai da ɗan tallafin rajista, kuma a biya shi lokacin da ake rajistar, ba bayan an gama zango na biyu ba.

Mata sun fi shan wuya, kuma su ne muka fi buƙata. Ungozoma ko malamar firamare da ke aiki a ƙauye, ga goyo ga miji ga aiki, ba za ta iya zuwa Sakkwato sau biyar tana bin fayil daga ofis zuwa ofis ba, ba kuma kowane miji ne zai bar ta ta tafi wata jiha ta shekara biyu ba. A wannan ƙasa Nana Asma'u 'yar Shehu ta riƙa horar da jajis, ta naɗa musu malfa, su koma garuruwansu su karantar da 'yan uwansu mata. Kusan shekara 200 ke nan da aka gane cewa in mace ba za ta iya zuwa wurin ilimi ba, ilimin ake kai mata. Malaman Kwalejin Kimiyyar Lafiya ta Gwadabawa da na kwalejin koyon aikin jinya za su iya zagayawa shiyya-shiyya su yi kwas na makonni a Tambuwal ko Wurno ko Tangaza, a ƙidaya shi cikin abin da ake dubawa wajen ƙarin girma.

Game da karatu a ƙasashen waje, ba zan roƙe ka abin da aljihun jiha ba zai ɗauka ba. Dalar da gwamnati ke sayarwa kusan naira 460 kafin Yunin 2023 ta haura 1,500 a 2024. Ita kanta TETFund, wadda ke ɗaukar nauyin malaman manyan makarantu, ta dakatar da tura su waje daga farkon 2025, saboda tsada da kuma waɗanda ake turawa su ƙi dawowa. Amma akwai guraben da ba sa cin ko kwabon jiha. Akwai Chevening na gwamnatin Birtaniya, mai neman wanda ya yi aƙalla shekara biyu yana aiki. Akwai na ƙungiyar ƙasashe rainon Ingila. Akwai na Gidauniyar Aig-Imoukhuede, da ke kai ma'aikatan gwamnati Jami'ar Oxford su yi digiri na biyu a fannin tsara manufofi. Japan da Koriya ta Kudu su ma suna da kwasa-kwasan ma'aikatan gwamnati. Abin da waɗannan ke nema daga gare mu bai wuce mutumin da ya cancanta ba, da takardar da ke nuna ma'aikatarsa ta sake shi kuma za ta karɓe shi in ya dawo. Sau da yawa labarin gurbi ba ya isa kunnen ƙaramin ma'aikaci sai an rufe. Jami'i guda mai kwamfuta da intanet a ofishin Shugaban Ma'aikata, wanda aikinsa ke nan ya bibiyi waɗannan guraben, ya sanar, ya taya mutane cike takardu, ya isa ya canza wannan.

Na san abin da za a ce maka, don na sha jin sa a ɗakin taro: in ka horar da su guduwa suke yi. Akwai gaskiya a ciki. Likitoci da ma'aikatan jinya na tafiya Saudiyya da Ingila, wasu na komawa aikin Gwamnatin Tarayya. Akwai kuma ma'aikatan da ba ilimi suke nema ba, mafaka suke nema daga aiki, su karɓi hutu su buɗe shago. Akwai mai aikin awon ƙasa da zai je ya karanto abin da ba shi da haɗi da aikinsa don kawai a ce yana da digiri. Ba na kare waɗannan. Yarjejeniyar da ake sa wa hannu kafin tafiya, cewa za ka dawo ka yi wa jiha aiki na wasu shekaru ko ka biya abin da aka kashe, a riƙa aiki da ita a kan kowa, ɗan wane da ɗan talaka. Amma a duba ɗaya gefen. Na ga wanda ya dawo da ilimin kididdiga aka mayar da shi teburin da ya bari, yana buga hatimi. Na ga wanda shugabansa ya ɗauke shi abokin gaba daga ranar da ya dawo da takardar da ta fi tasa. Irin wannan ko ba a kira shi daga waje ba, zuciyarsa ta riga ta fita. Kuma wanda ba a horar ba, shi ba ya zuwa ko'ina. Yana nan tare da kai har ya cika shekara 60 ko ya yi 35 a bakin aiki, kuma a hannunsa fayil ɗin talaka yake.

Don haka roƙona ƙarami ne, ranka ya daɗe, kuma yawancinsa umarni yake buƙata ba kuɗi ba. A sa wa takardar neman ƙaro karatu wa'adi, kwana 30 misali, a ba mutum amsa a rubuce, in a'a ce a faɗi dalili. A farkon kowace shekara kowace ma'aikata ta faɗi fannonin da take da ƙarancin ƙwararru da yawan mutanen da za ta iya saki, a manna a allon sanarwa, a karanta a Rediyon Rima, don na Sabon Birni ya ji a ranar da na cikin gari ya ji. Waɗanda aka zaɓa a bayyana sunayensu da matakinsu. Wanda ke jin kunyar a ga sunansa a allo, ka san ba ta ƙofa ya shigo ba. Sannan a yi wa masu karatun ɓoye afuwa sau ɗaya: duk wanda ya kawo takardar gaskiya daga makarantar da aka amince da ita, a fannin da ya shafi aikinsa, a tantance a karɓa, daga nan a rufe wannan ƙofa tun da an buɗe ta gaskiya. A zauna kuma da jami'ar da ke Dundaye da Jami'ar Jihar Sakkwato a tsara kwasa-kwasan da ma'aikaci zai yi yana bakin aikinsa, a kan abin da ofis ke buƙata yau: tsare bayanai a kwamfuta, lissafin kasafi, dokar sayen kayan gwamnati, rubuta rahoton da za a karanta a gane.

Yaron da na ba ka labarinsa na gaya masa gaskiya, waɗanda na sani a can duk sun yi ritaya, wasu sun riga mu gidan gaskiya. Na dai taya shi gyara takardar, na sa ya yi kwafi uku, na ce ya tabbata an buga masa hatimin ranar da aka karɓa. Ya kai ta. Jiya da ya wuce ta majalisa na tambaye shi, ya ce an ce ya dawo mako mai zuwa.

Allah ya taimaki Gwamna, ya ba ka mashawarta na gari.

Naka cikin girmamawa,
Tsohon ma'aikaci,
Ƙofar Dundaye, Sakkwato.